Hanyar Gidan 'Yar Jawa

Kwanan baya an yi ruwa a Makka, irin ruwan yanzu wanda tun kafin ɗigo ya taɓa ƙasa wayoyin gida duk sun ɗauki kuka. Jikata ta shigo da gudu tana nuna mini wayarta, wai hukuma ta turo gargaɗi, an rufe makarantu, kowa ya zauna inda yake. "Ya sitti, kakata, ta'ali, zo ki gani ta taga," in ji ta, da 'yar Hausarta da Larabci ya cinye fiye da rabi. Na ja ƙafa na leƙa. Daga benen nan na unguwar Ka'akiyya inda 'ya'yana suka ajiye ni, na ga ruwa yana bin gefen kwalta a ladabce, yana faɗawa ramukan da aka haƙa masa, samari kuma sun fito suna ɗaukar hoto suna dariya. Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi dutse, babu wanda ya kasa kunne. Na san alheri ne, na san an rage asarar rayuka, amma na koma na zauna raina a jagule, na wuni ban ci abin kirki ba. Duk ranar da aka yi ruwa a garin nan, mutum ɗaya ce ke tsaya mini a rai.

A Tandabawi aka haife ni, can kuma na yi aure, tsakanin gidanmu da na mijina in aka ƙwala kira ana ji. Kakanninmu ƙafa ce ta kawo su aikin Hajji daga ƙasar Hausa, suka sauke farali suka zauna. Unguwar da na sani yanzu babu ita. Katafila ta bi ta kan wani sashe, abin da ya rage kuma ya sake fuska, in an bi da ni ta wurin a mota sai an faɗa mini inda muke, ni da aka binne cibiyata a can. A da kuwa ko ido a rufe ina gane kowane lungu da ƙararsa. Da sassafe ƙarar garwa ce, masu ga-ruwa suna hawowa daga bazan, wato matattarar ruwan unguwa, garwa biyu rataye a sanda, sandar tana kuka a kafaɗa. Hantsi na yi sai daka ta ɗauka daga wannan gida zuwa wancan, masu fura da masu suyar gyaɗar da za a kai talla. Awaki na bin gindin dutse suna cin takarda don babu ciyawa. Ruwa kuwa tattalinsa ake yi kamar man shanu. Wanda aka wanke shinkafa da shi, shi za a wanke kwanuka, a ƙarshe a yayyafa a tsakar gida ƙasa ta ɗan yi sanyi. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, in ta ga kin zubar da ko rabin moɗa, ranar nan kin shiga uku da faɗa har magariba.

Amma Innar nan mai tattalin ruwa babu abin da take tsoro a duniya kamar ruwan sama. Makka kwari ce, duwatsu sun kewaye ta, dutse kuwa ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba can sama inda ido ba ya kaiwa, sai ya taru ya gangaro lokaci guda, da duwatsu da itace da duk abin da ya tarar a hanya. Shi muke kira sail. Na san shi tun ina yarinya, kowa ya san shi, amma ina amarya Inna ta zaunar da ni kamar baƙuwa ta ce, "Ke 'yar nan, in kin ga hadari ya haɗo kan duwatsun can, ko rana ake ƙwallawa a kanki, kada ki taka kwari. In kin ji ƙara daga nesa kamar ana niƙa, yar da abin da ke hannunki ki hau sama. Ƙanwata a Misfala ya ɗauke ta. Lokacin da ta sa ƙafa, ruwan ko idon sawu bai rufe mata ba." Ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni ma ban taɓa mantawa ba.

A ɗakin ƙuryar gidan mijina akwai wata mata 'yar siririya, gajera, mai saurin tafiya kamar kullum an aike ta. Mu a Makka duk wanda ya fito daga can gabas da irin wannan fuska Jawa ne, kamar yadda mu duka Takari ne a bakin mutanen gari, ko daga ina ka fito. To 'Yar Jawa ake kiranta. Ta yi gyaran har ta gaji. "Ni ba Jawa ba," haka take cewa, "ni daga Fitnam, garin Saigon." Inna ta ce, "To ai duk can ne." Shi ke nan sunan ya bi ta. Ni dai Yaya nake ce mata don ta ba ni 'yan shekaru, ita kuma tana ce mini uhti, 'yar'uwa.

Hajji ya kawo ta ita da mijinta daga Biyetnam, wadda take kira Fitnam, suka bar 'yarsu da ba a daɗe da yaye ta ba a hannun kakarta. Niyyarsu su yi ibada su juya. Mijin ya ce su ƙara 'yan watanni ya ɗan yi karatu gaban wani malami, tunda ba kullum ake zuwa ba. Cikin 'yan watannin nan yaƙin da aka daɗe ana gwabzawa a ƙasarsu ya ƙare, waɗanda suka yi nasara suka shiga birnin, hanya ta rufe ruf. Gwamnatin da ta ba su fasfo ta daina zama gwamnati. Birnin kansa aka sake masa suna, tituna ma aka sake musu. Duk saƙon da suka aika shiru, ba su ma san ko ya isa ba. Mijin ya kama ɗinkin hula, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, Allah ya yi masa rasuwa, igamarta, wato takardar izinin zama, da ke rataye da tasa ita ma ta mutu. Ta rage ita kaɗai, daga ita sai keken ɗinki sai tunani guda da ke cinta dare da rana: yarinyar nan za ta tashi tana zaton uwarta ta je Makka ta samu wuri ta manta da ita. In ta yi ɗawafi ba ta roƙon arziki, ba ta ma cika roƙon komawa ba. Roƙonta Allah ya kawo mutum guda da zai je ya tsaya a ƙofar gidansu ya faɗa wa yarinyar cewa ba haka ba ne.

Bayan la'asar, in zafi ya ɗan saki, mukan zauna a tsakar gida da faifai muna tsintar shinkafa. Hirarmu da Larabcin kasuwa muke yi, gauraye da Hausar da ta tsinta a bakin yara. A nan na san ashe ita ma harshe biyu gare ta. Akwai yaren gida, na ƙabilarsu ta Cham, Musulmi 'yan tsiraru a ƙasar. Akwai kuma yaren gari, mai gajerun kalmomi da ke hawa suna sauka, sai ka rantse waƙa ake yi. In keken ɗinki ya tsinke mata zare da yaren gari take zaginsa, in kuwa tana ambaton 'yarta sai da yaren gida. Wata rana ta ce mini, "Kamar ku, uhti. Hausa a ɗaki, Larabci a waje. Mu ma can a garin da aka haife mu ana tambayarmu daga ina muka zo." Ban taɓa zaton akwai mai irin ciwonmu a wancan ƙarshen duniya ba.

Labarin garinsu kuwa da farko ban yarda ba. Wai rabin shekara kusan kullum sai an yi ruwa, kuma lokacinsa sananne ne, da yamma, har mace kan yi shanya ta ce bari in kwashe kafin na yau ya sauko. Ɗaya rabin rani ne, sanyi kuwa ba su san shi ba. Wai birnin rafuka ne suka tsaga shi ko'ina, kwale-kwale na shigowa da abarba da kwakwa har ƙofar gida. Wai gidansu a kan ƙafafun itace yake tsaye cikin ruwa, in ka leƙa ta tsakanin katakon daɓe kana ganin kifi. Kogin kuma yana bin teku, kullum ya hau ya sauka. In ya cika har ya shigo lungu, babu mai ihu, sai a ɗora buhun shinkafa kan gado, a naɗe zane, yara su riƙe takalma a hannu su tafi makaranta. Inna tana daga gefe tana jan carbi ta ce, "Ƙarya dai ba kyau, ko a Jawa." Yaya ta yi dariya har da hawaye. Tsoronmu na ruwa shi ne abin da ya fi ba ta mamaki a Makka. Ranar da aka yi yayyafi, mu muna kwashe yara muna salati, ita kuwa ta fito da kowane kwano da ta mallaka ta jera, ta tsaya a tsakiya ta ɗaga fuska sama, ba ka gane ruwa ne ko kuka.

Da yake sababbin sunayen tituna ba ta san su ba, tsofaffin kuma sun daina aiki, sai ta riƙe hanyar gidansu da abin da ido ke gani. Tana tsoron kada tsufa ko baƙin ciki su goge mata ita, don haka kusan kullum sai ta biya ta a kan faifan shinkafa, kamar mai tilawa. Tun ina dariya har ta zauna mini a ka ban sani ba. "Ka tsaya bakin babbar kasuwa ka ba ta baya. Ka bi titin da ke gangarawa ruwa, har ka iske gadar da ta rabu uku a tsakiyar kogi. Ka ɗauki reshen hagu. In ka sauka akwai mai miyar taliya a gindin gada, kada ka ci, da alade take yi. Ka bi bakin ruwa har famfon gwamnati inda mata ke layi da bokitai. Bayan famfon akwai ɗan masallaci mai koriyar ƙofa. Lungun da ke jikinsa shi ne namu, ƙunci gare shi, in an ɗauko gawa sai an karkata makara take wucewa. Inda ƙasa ta ƙare katako ya fara, ka bi katakon, kada ka taka na tsakiya, ya ruɓe. Gidan da ke da manyan randuna a ƙofa, nan za ka yi sallama da yaren gida." Nakan tsokane ta in ce, "Yaya, ai katakon nan ya isa a ce an canza shi." Ta ce, "Ba ki san uwata ba. Ba ta canza abu sai ya karye da ita."

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Na haihu, ita ta yi mini wankan jego tana mitar ƙarancin ruwa, ita ta goya 'ya'yana, da ɗinkinta suka yi sallah. Daga Fitnam kuwa ko tsuntsu ba ya zuwa. Sai wata shekara bayan an sauko daga Arfa, alhazai na ta haramar komawa, wata Bajawiya ta gaske mai tallar yadi ta shigo gidanmu da hantsi tana haki. Ta ce ta ji akwai wani dattijo daga Fitnam, daga Saigon ɗin kanta, an bar shi ya zo kuma komawa zai yi. Yana sauke a wani gida ta ɓangaren Jiyad, ta riga ta aika masa cewa akwai 'yar garinsu da ke son ganinsa, amma motarsu ta Jidda bayan azahar za ta tashi. Almakashi ya faɗi daga hannun Yaya. Ba ta ɗauki komai ba, abin da za ta ba shi a kanta yake. Ta zura takalmi ta fita, na miƙa wa Inna jaririn da ke hannuna na fizgi mayafi na bi ta. Muna bakin ƙofa Inna ta ɗaga murya, "Ku dubi dutse kafin ku sauka!"

Na duba. Can sama hadari ya yi baƙi ƙirin, iska mai ƙamshin ƙasa ta fara kaɗawa. Daga wajenmu zuwa Jiyad kuwa dole sai an tsallaka titin Misfala, nan ne gindin kwari, nan duk ruwan garin ke bi. Muna gangarawa aka fara yayyafi, kafin mu kai ƙasa ya tsananta. Muka iske titin ya zama ɗan rafi, ruwa ja yana gudu da karare da tsummoki, bai wuce idon sawu ba. Masu kantuna na jan ƙofa suna hawa tudu. Yaya ta tsaya ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta naɗe zane, ta juyo tana murmushi irin wanda na daɗe ban gani a fuskarta ba.

"Yalla, uhti," ta ce.

Na riƙe mata hannu. "Yaya, ba za mu shiga ba."

"Wannan? Wannan ne ruwa? Ni a cikin ruwa aka haife ni. Na tsallaka wanda ya kai ƙugu da tsohon ciki."

"Naku daga ƙasa yake tasowa, yana ba ku lokaci. Wannan daga sama yake zuwa, ba ya jiran kowa."

"Ga layin can, ina ganinsa! Kafin ki karanta Fatiha na haye. Ke tsaya, ni sake ni."

"Wallahil azim ba ki shiga."

Ta fizge, na sake cafko ta. Ni da daka na tashi, ƙarfi gare ni a lokacin, ita kuwa ba ta fi ɗaurin itace nauyi ba. Na rungumo ta ta ƙugu na ɗaga ta sama, na hau da ita matakalar wani kanti, na zauna na danne ta a jikina. Ta yi kokawa, ta zage ni da yaren gari, ta roƙe ni da Larabci, ta kafa mini haƙori a dantse har jini ya fito, ban saki ba. Daga baya ta koma Hausa, muryarta ta dushe, "Don Allah, don Annabi, uhti. 'Yata." Na runtse ido na ƙara matse ta.

Abin da har yau ke ci mini rai shi ne, sail bai zo nan take ba. Wani mutum ya tsallaka da kwali a ka, ya haye lafiya. Wasu samari biyu suka bi bayansa suna wasa da ruwa. Wata tsohuwa ma ta ja jikanta suka wuce. Duk wanda ya haye sai Yaya ta juyo ta dube ni. Ta daina motsi a hannuna. Har na fara jin kunyar kaina, sai ga ƙarar nan daga nesa, kamar ana niƙa. Kafin a ankara ya kunno kai ta kwanar sama, ja wur, ya fi mutum tsawo, ɗauke da ƙyauren kanti da tukwanen gas da awaki, da wata ƙaramar mota tana juyi a kansa kamar ƙwarya. Ko'ina salati da ihu. Ni kuwa ina ta Inna lillahi. Na dubi Yaya in ga ko yanzu ta gane, na ga ko kallon ruwan ba ta yi, idonta na can ɗaya gefen.

Sai bayan la'asar ruwan ya janye. Askarawa suka zo suka tare masu tafiya a ƙasa, wai wayoyin lantarki sun zube cikin laka, amma manyan motoci aka bar su suna ratsawa a hankali. Muna tsaye cikin taro muna kallon motocin alhazai suna wucewa ɗaya bayan ɗaya sun nufi Jidda, fuskoki manne da gilashi. Da aka buɗe hanya muka kutsa cikin laka har gidan. Mai gadin yana kwashe taɓo da shebur, ya ce, "Shaibanin nan, tsohon nan na Fitnam? Ai ya jira. An ce masa wata 'yar garinsu za ta zo, yana ta leƙen ƙofa. Ɗazun nan motarsu ta tashi, ba ku gamu da ita ba?" Ashe ta gabanmu ya wuce. Binsa Jidda kuwa ba ta yiwuwa, mace marar igama ba ta wuce shingen hanya. Washegari da sassafe mijina ya ɗauki tasinsa ya tafi, ya zagaya masaukin alhazai na filin jirgi yana tambaya har rana ta take. Ya dawo ya ce jirginsu ya riga ya tashi.

Yaya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ba ta bar gidan ba, tana amsa sallama, tana ɗinka wa yarana kayan sallah kamar kullum. Amma ba ta sake zama tsintar shinkafa da ni ba, ban sake jin hanyar gidansu a bakinta ba, uhti kuma ta ɓace, ta koma kirana da sunan ɗana na fari kamar yadda kowa ke yi. Na daure har na kasa. Wata rana na tarar da ita kan keke na tsaya a kanta.

"Yaya, kin ga motar da ya ɗauke da idonki."

"Na gani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na kuma ga waɗanda suka haye kafin ya zo."

"Da ya riske ki a tsakiya fa?"

Ta tsayar da keken. "Da na mutu a kan hanyar 'yata. Ke kika zaɓa mini."

Inna ta ce in rabu da ita, na yi abin da kowane ɗan Makka zai yi. Ni ma haka na gani, har yau kuma haka nake gani. In aka mai da ni kan matakalar nan, zan sake danne ta, duk wanda ya ga dama ya zage ni. Ba a sakin mutum ya shiga kwari hadari na kan dutse. Sai dai wannan gaskiyar tawa ba ta taɓa sanyaya mini zuciya ba, ko sau ɗaya. Na rasa 'yar'uwa alhali tana kwana bayan bangona. Wani lokacin zafi ta kwanta ciwo, ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ina cikin matan da suka yi mata wanka. Aka binne ta a nan, kabari babu suna kamar na kowa, ba ta ce ta yafe mini ba, ban kuma roƙa ba.

Bayan rasuwarta ne hanya ta buɗe. Mutanen Fitnam suka fara zuwa Hajji 'yan kaɗan-kaɗan, da jar tutarsu mai tauraro manne a jaka. Duk shekara sai in ɗaura ɗamara in shiga harabar Harami ina dube-duben jakunkuna, bakin rai bakin fama. In na samu wasu, sai neman mai fassara. Da yawa daga ƙauyukan bakin kogi suke, birnin ba su san shi ba. Su tsaya suna kallona, baƙar tsohuwa tana zayyana musu lungunan Saigon, wasu su yi dariya, wasu su ba ni dabino su wuce. Sai wata shekara Allah ya haɗa ni da wata dattijuwa 'yar birnin, tare da ɗan ƙanenta da ya yi karatu a Madina, Larabcinsa ya fi nawa tsabta. Muka zauna a inuwa, na fara daga bakin babbar kasuwa, yana juya mata. Da na kai gadar da ta rabu uku ta tafa hannu, ta ce tana nan daram. Da na ce kada a ci miyar gindin gada ta yi dariya har ta riƙe ciki. Famfon gwamnati ta girgiza kai, wai yanzu kowane gida da ruwansa. Masallacin ta ce an rushe an gina babba. Na ci gaba da zayyanawa, na shiga lungu, na karkata makara, na hau katako. A nan dattijuwar ta daina dariya, ta yi wa yaron magana a hankali.

"Hala," ya ce mini, wato gwaggo, "gidajen kan ruwan nan duk an kwashe su tuntuni. An ɗaure bakin rafin da siminti, an dasa itatuwa, yanzu wurin shan iska ne. Mutanen an rarraba su, wasu an ba su ɗaki a benaye, wasu sun koma ƙauye. Wasu ma tun farkon abin suka bi teku a kwale-kwale, ba a san inda suka ƙare ba."

Na faɗa musu sunan yarinyar da na ubanta da na kakarta. Dattijuwar ta yi ta jujjuya sunayen a baki, ta ce masu irin sunan suna da yawa a cikinsu, amma in ta koma za ta tambaya a masallaci. Yaron ya karɓi lambar wayar ɗana. Ta riƙe hannuna biyu ta yi mini addu'a da yaren gida, na gane shi don da shi Yaya ke ambaton 'yarta. Na jira wannan shekara, na jira ta gaba, waya ba ta zo ba.

Yarinyar nan in tana raye yanzu ta wuce shekarun da uwarta ta yi a duniya, watakila har da jikoki. Nakan zauna in yi ta tunanin abin da take ji in an ambaci Makka a gabanta, ko in maƙwabta sun dawo Hajji suna rabon zamzam. Ta girma da labarin matar da ta yaye ta ta tafi ba ta waiwayo ba, babu kuma wanda ya taɓa tsayawa a ƙofarta ya ƙaryata. Saƙon bai fi numfashi guda ba: uwarki ba ta manta da ke ba ko na wuni ɗaya, har mutum ta ciza don ta iso gare ki. Ni aka ciza, ni kaɗai na rage da na sani, ga shi bana ƙafafuna ko Harami ba su kai ni ba.